Ciwon Haƙarƙari, da Yadda Ya Ke Hana Jini Samun Iska

Kai mai karatu, tun sa'ad da ka buɗe littafin nan kana numfashi, amma ba ka kula ba. Haka abin ya ke ga mai lafiya. Mutum ya kan yi kwanaki bai ci ba, ya rayu. Ya kan wuni bai sha ba, ya rayu. Amma in iska ta yanke masa, a cikin minti 4 zuwa 6 ƙwaƙwalwarsa ta fara lalacewa.

Akwai wata cuta mai yanke wa mutum iska sannu sannu, alhali hancinsa da bakinsa suna buɗe. Mutanenmu su kan ce da ita ciwon haƙarƙari, ko sanyin haƙarƙari. Likitoci kuwa suna kiranta nimoniya. Tana kama babba da yaro, amma ɓarnarta ta fi yawa ga ƙananan yara da tsofaffi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafta cewa a shekara ta 2019 ta kashe yara 740,180 waɗanda ba su kai shekara 5 ba. Asusun yara na Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ya kimanta cewa a 2018 yara kamar 162,000 ta kashe a Nijeriya kaɗai, ba kuwa wata ƙasa a duniya da ta yi hasara kamar haka a shekaran nan.

Da yawa daga cikinsu da an kai su asibiti da wuri da sun tashi. Kai ne mai gida. Sau da yawa ba a fita da majiyyaci sai da izninka, kuɗin mota kuma daga aljihunka ya ke fitowa. Saboda haka ya kamata ka san cutan nan tun ba ta zo ba, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

DARASI NA 1. ABIN DA KE CIKIN ISKA

Ka sami ɗan guntun kyandir, ka kunna, ka kafa shi a ƙasa, sa'an nan ka kife masa kwalba mai faɗin baki. Za ka ga wutar ta ɗan ci, ta yi ƙasa ƙasa, ta mutu. Ba wanda ya hura ta, kyandir kuwa bai ƙare ba. Me ya kashe ta? Akwai wani abu cikin iska wanda wuta ba ta ci sai da shi, shi ne ya yi ƙaranci cikin kwalbar. Sunansa oksijin.

Wani malami na Ingila, Joseph Priestley, ya ware shi daga sauran iska a 1774, wani Bafaranshe kuma, Lavoisier, ya sa masa wannan suna. In an raba iskan da mu ke shaƙa kashi 100, kashi 21 ne oksijin. Kashi 78 wata irin iska ce dabam, wadda ke shiga ƙirji ta fita ba ta yi kome ba.

Jikinka kamar kyandir ɗin nan ya ke. Tuwon da ka ci shi ne itacen wuta, amma ba ya zama ƙarfi da ɗumin jiki sai ya gamu da oksijin. Wannan ƙuna ba ta da harshe, ba ta da hayaƙin da ido ke gani, amma tana barin wata gurɓatacciyar iska wadda dole jiki ya fitar. In an auna iskan da ka fitar, za a tarar oksijin ya ragu zuwa kamar kashi 16, gurɓatacciyar iskan nan kuwa ta kai kamar kashi 4. Aikin numfashi ke nan: a shigo da ɗaya, a fitar da ɗaya.

DARASI NA 2. YADDA HUHU YA KE

In an yanka rago, ka dubi huhunsa da kyau. Ka ga taushinsa kamar soso, da rashin nauyinsa. In ka hura ta maƙogwaro sai ya kumbura. Ka yanki kaɗan ka jefa cikin ruwa, za ka ga ya taso sama, domin cike ya ke da iska. Ka riƙe wannan a ranka, za mu komo kansa.

Na mutum ma haka ya ke. Guda biyu ne, na dama mai sashi 3, na hagu mai sashi 2, domin ya bar wa zuciya wuri. Maƙogwaro ya sauko cikin ƙirji, ya rabu biyu, kowane reshe ya sake rabuwa, ya yi ta rabuwa kamar rassan itacen da aka juya kansa ƙasa. A ƙarshen 'yan mitsi-mitsin rassan akwai 'yan jakunkunan iska, a jere kamar ramukan saƙar zuma. Ido ba ya ganinsu sosai sai da madubin likita. Yawansu ya fi miliyan 300. Da za a buɗe su duka a shimfiɗa, da sun rufe fili mai tsawon taki 10 da faɗin taki 6 ko 7.

Huhu ba ya motsa kansa. Ka san zugazugin maƙeri, sai an ja shi ya ke shaƙar iska. To, a ƙarƙashin huhu akwai wata faffaɗar tsoka wadda ta raba ƙirji da ciki. In ta ja ƙasa, haƙarƙari kuma ya buɗe, sai iska ta shiga. In ta saki, sai iska ta fita. Babban mutum yana zaune ya kan shaƙi kamar rabin lita kowane ja, sau 12 zuwa 20 a minti guda. Ka yi lissafi: in sau 15 ne a minti, a sa'a guda sau 900 ke nan, a yini da kwana kuwa sau 21,600.

DARASI NA 3. YADDA JINI KE ƊAUKAR OKSIJIN

Kowace 'yar jakar iska tana kewaye da 'yan hanyoyin jini kamar taru. Tantanin da ya raba iska da jini siriri ne ƙwarai, har in an jera guda 50 bisa juna da ƙyar su kai kaurin gashin kai ɗaya. Ta cikinsa oksijin ke ratsawa ya shiga jini, ta cikinsa kuma gurɓatacciyar iska ke fitowa.

A cikin jini akwai jajayen ƙwayoyi masu yawan gaske, su ne 'yan dako. Ka ɗauke su kamar jakunan fatake, huhu kuwa kasuwa ce. Suna zuwa kasuwa, a ɗora musu kaya, su bi hanya zuwa kai da hanta da hannuwa da ƙafafu, su sauke, su komo. Zuciya ita ce madugu mai kora su. Tana tura kamar lita 5 na jini ta cikin huhu kowane minti, watau kusan dukan jinin jikin mutum. Jinin da ya ɗauki kaya ja ne wur. Wanda ya sauke kuwa ya kan yi duhu.

Ga mai lafiya, cikin kowane 100 na wurin ɗaukar kaya, 95 ko fiye a cike su ke sa'ad da jini ya baro huhu. Wannan lissafi shi a ke nufi in an ce awon oksijin na jini.

DARASI NA 4. YADDA CUTAR KE SHIGA

Watakila ka ji an ce wanka da ruwan sanyi, ko kwana a waje, shi ke kawo ciwon haƙarƙari. Gaskiya ne an fi ganinsa lokacin sanyi a wurare da yawa. Amma asalinsa ƙwayoyin cuta ne, waɗansu 'yan halittu waɗanda ido ba ya gani. A 1881 malamai biyu, Louis Pasteur a Faransa da George Sternberg a Amurka, kowa a wurinsa, suka gano ƙwayar da ta fi kawo shi. Akwai waɗansu iri kuma waɗanda suka fi ta ƙanƙanta nesa, irin masu kawo mura da ƙyanda da korona.

Ƙwayoyin nan su kan fito cikin tari da atishawa. Waɗansu ma suna zaune cikin hancin mai lafiya, ba su yi masa kome ba, domin jiki yana da masu gadi. Gashin hanci yana tace ƙura. Majina tana kama ƙwayoyi. A cikin maƙogwaro akwai waɗansu 'yan gasu ƙanana masu share datti zuwa sama dare da rana. Tari kuma yana fitar da abin da aka sharo.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abubuwan da ke tsaga bangon nan su ne mura mai zafi, da ƙyanda, da tarin shiƙa, da tamowa, da hayaƙin murhu cikin rufaffen ɗaki, da shan taba, da giya, da tsufa, da ciwon sukari, da ƙanjamau, da amosanin jini. A hunturu iska ta bushe, ƙura ta yi yawa, mutane kuma sun cunkushe ɗaki guda, sun toshe taga, sun hura wuta. Ka ga inda sanyi ya sa hannu cikin al'amarin.

A shekara ta 1918 wata mura mai zafi ta game duniya, ta shigo ta Ikko a watan Satumba, ta hau har ƙasar Hausa, inda aka kira ta marisuwa. Mutane miliyoyi suka mutu a duniya. Likitoci da suka bincika suka tarar yawancinsu murar ce ta buɗe ƙofa, ciwon haƙarƙari ya shigo ya ƙarasa su.

To, in ƙwayoyin suka kai 'yan jakunkunan iska, sai su yi ta hayayyafa. Jiki ya aiko da dakarunsa, watau fararen ƙwayoyin jini, a kafsa yaƙi. Wurin ya kumbura, jakunkunan su cika da ruwa da mugunya. Ka tuna da huhun ragon da ya taso kan ruwa? Sashin huhun da cutan nan ta cinye ya kan yi tauri da nauyi kamar hanta, in an jefa shi cikin ruwa sai ya nutse.

Yanzu ka dubi jakunan fataken nan. Sun iso kasuwa, sun tarar ruwa ya ci rumfuna. Ba mai ɗora musu kaya, madugu kuwa ba ya tsayawa, sai su wuce wofi, su gauraya da waɗanda suka sami kaya a rumfunan da suka rage. In sashin da ya cika kaɗan ne, jiki ya kan jure. In ya yi yawa, sai awon oksijin ya sauka daga 95 zuwa 90, zuwa 85, har ƙasa da haka. Ga shi kuma masassara tana ƙara wa jiki bukatar oksijin, kamar yadda babbar wuta ta fi ƙarama cin iska. Kaya sun ragu, masu bukata sun ƙaru. Ta nan cutar ke kisa.

DARASI NA 5. ALAMUN CUTAR

Ga babba ta kan fara da rawar ɗari da masassara mai zafi, sau da yawa bayan ya yi kwanaki yana mura. Sai tari, da kaki mai kauri, rawaya ko kore, wani lokaci mai kamar tsatsa. Sai suka a gefen ƙirji, kamar an caka masa wuƙa duk sa'ad da ya ja numfashi ko ya yi tari. Daga nan ta sami sunanta. Amma ka sani ƙasusuwan haƙarƙari lafiyarsu ƙalau. Tantanin da ya lulluɓe huhu ne ya kumbura, yana gugar ɗan'uwansa na jikin ƙirji. Don haka ƙaho, da tsaga, da sakiya, da shafa mai, duk a fata su ke tsayawa, ba su kai inda cutar ta ke.

Tsoho ya kan ruɗi mutane. Wani ba ya masassara, tarinsa ma kaɗan ne. Sai dai a ga ya ƙi abinci, ya yi laushi, yana magana ba kan gado. Kada ka ce tsufa ne kawai. Ƙwaƙwalwa ita ce ke fara nuna alama in oksijin ya yi ƙaranci.

Yaro ba ya iya faɗin inda ke yi masa ciwo, amma numfashinsa yana faɗi. In oksijin ya ragu, huhu kuma ya yi tauri, sai jiki ya ƙara saurin zuga, zuciya ta ƙara gudu. Saurin numfashi shi ne manzo na fari, shi ya kamata ka koyi ganewa.

DARASI NA 6. ƘIDAYAR NUMFASHI

Ba a bukatar kome sai agogo mai nuna daƙiƙa, ko na wayar hannu. Ka bari yaron ya natsu, ko yana barci, ko yana kan cinyar uwarsa, domin ba a ƙidaya yana kuka. A ɗaga rigarsa. Ka dubi cikinsa ko ƙirjinsa. Ɗagawa da sauka, ɗaya ke nan. Ka ƙidaya har minti guda cif. In ka yi shakka, ka sake.

Ga iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa. Numfashi ya yi sauri in ya kai:

Jariri ƙasa da wata 2: sau 60 ko fiye.
Daga wata 2 zuwa shekara 1: sau 50 ko fiye.
Daga shekara 1 zuwa shekara 5: sau 40 ko fiye.

Yaro mai tari wanda numfashinsa ya kai haka, a kai shi wurin ma'aikacin lafiya a ranan nan. Jariri ƙasa da wata 2 kuwa ba a jira da shi ko kaɗan. Babba da ya wuce 20 yana zaune, a duba shi. In ya kai 30, ciwo ya yi tsanani.

Akwai alamun da ba a jiran gari ya waye a kansu. In ƙasan haƙarƙarin yaro yana faɗawa ciki sa'ad da ya ja numfashi. In yana nishi kowane numfashi, ko ƙofofin hancinsa suna buɗewa suna rufewa. In ya kasa kama nono ko shan ruwa, ko yana amayar da kome. In yana jijjiga, ko ya yi barcin da ba a iya tashinsa. In harshensa da cikin leɓensa sun yi shuɗi shuɗi ko toka toka. A fatarmu baƙa ba a ganin wannan canji sosai, sai an buɗe baki an duba cikin haske. Kada kuwa ka jira shi, gama a makare ya ke zuwa.

Mu ce magidanta biyu ne maƙwabta, kowa ɗansa mai shekara 2 yana tari da masassara. Na fari ya ce, "Sanyi ne, a rufe shi da bargo, a ba shi jiƙo, mu ga jibi." Na biyu ya ɗauko agogo, ya ƙidaya, ya sami 52, ya ce wa matarsa, "Goya shi, mu tafi." Na biyun nan watakila 'yan ƙwayoyin magani na kwanaki kaɗan su ishe shi. Na fari kuwa in jibi ta yi, mai yiwuwa ne sai an kwantar da yaron, kuɗi ya ninka, ran yaron kuma yana kan siraɗi. Abin da ya raba su minti guda ne na ƙidaya.

DARASI NA 7. ABIN DA A KE YI A ASIBITI

Likita zai sa abin sauraro a ƙirji da baya. Wani likita na birnin Paris, Laennec, shi ya ƙago shi a 1816, da fari ma takarda ya naɗe ya kara a kunne. Inda ruwa ya taru a kan ji wata 'yar ƙara kamar an murza gashi kusa da kunne. In da bukata a kan ɗauki hoton ƙirji. Huhu mai iska ya kan fito baƙi a hoton, sashin da ya cika kuwa fari.

Akwai kuma wata 'yar na'ura da a ke maƙala wa yatsa, mai haska jan haske ta cikin farce, ta duba launin jini, ta rubuta awon oksijin. Wani injiniya na Japan, Takuo Aoyagi, ya gano dabararta a 1972. Daga 95 zuwa 100 lafiya ne. In ta nuna ƙasa da 90, majiyyaci yana bukatar a ƙara masa oksijin. A annobar korona ta 2020 an ga mutane da yawa waɗanda awonsu ya faɗi ƙwarai, alhali suna zaune suna taɗi, ba su ji haki ba tukuna. Amma na'urar ma ta kan yi kuskure in yatsa ya yi sanyi, ko an shafa jan farce, ko majiyyaci yana motsi. Ga mai baƙar fata kuma wani lokaci ta kan nuna fiye da gaskiya kaɗan. Saboda haka in na'ura ta ce lafiya, mutum kuwa yana haki, a bi abin da ido ya gani.

Magani iri biyu ne, kowane da aikinsa. Na fari shi ne mai kashe ƙwayoyin cuta. A da babu shi, sai a zuba ido har wajen kwana 7 zuwa 10, ko masassara ta sauka, ko mutum ya tafi. A 1938 aka fito da wata ƙwaya a Ingila mai suna M&B 693. Likitoci a birnin Birmingham suka gwada ta: cikin mutum 100 da aka ba, 8 suka mutu, cikin 100 da ba a ba ba, 27. Da ita aka yi wa Winston Churchill, Firayim Ministan Ingila, magani sa'ad da cutar ta kama shi a Tunisiya a watan Disamba na 1943. Bayanta penisilin ya yaɗu, wanda Alexander Fleming ya gano a 1928. Maganin da a ke fara ba yara yanzu, amoksisilin, daga zuriyar penisilin ya ke.

In an ba ka magani, a sha shi bisa ƙa'ida, a cika kwanakin da aka faɗa ko da sauƙi ya samu. In kwana 2 ko 3 suka wuce ba sauƙi, ko ciwon ya ƙaru, a koma. Kada ka sayi ƙwaya biyu uku a hannun mai talla, domin wannan ba ya kashe ƙwayoyin cuta, sai dai ya koya musu jure magani. Ka sani kuma irin maganin nan ba ya kashe ƙwayoyin mura da korona. Mai ilmin abin shi zai rarrabe.

Na biyu shi ne oksijin, daga tukunyar ƙarfe, ko daga injin da ke tace shi cikin iskan ɗaki. A kan sa 'yar siririyar roba a hanci. Dabarar ita ce, tun da rumfuna kaɗan suka rage a kasuwa, sai a cika su da kaya fiye da na kullum, don jakuna su sami abin ɗauka har ruwa ya janye. Za ka ji waɗansu suna cewa wanda aka sa wa oksijin ba ya tashi, har su hana a sa wa nasu. Abin da ya jawo zancen nan shi ne a kan kawo majiyyaci a makare, sai a ga an sa masa roba, ya cika. Jinkiri ne ya kashe shi. In likita ya ce a sa, ka yarda. Sai dai kada a kusanto da wuta ko taba, ka tuna da kyandir.

A gida kuwa, a ci gaba da ba jariri nono, a ba majiyyaci ruwa da kunu a kai a kai, a jingina shi ya ɗan tashi zaune, a buɗe taga, a fitar da garwashi daga ɗaki.

DARASI NA 8. SAURAN CUTUTTUKAN HUHU

Ba kowane haki ne ciwon haƙarƙari ba. Kowace cuta da inda ta ke tare hanya.

Asma tana matse rassan iska, sai numfashi ya riƙa fita da ƙyar, yana fito. Ta kan zo ta tafi, akwai kuma maganin shaƙa mai buɗe su.

Tarin fuka yana cin huhu a hankali, har ya yi masa kogo. Robert Koch na Jamus ya gano ƙwayarsa a 1882. Tarin da ya wuce mako 2, da rama, da gumin dare, a je a auna kaki. Yana warkewa da maganin wata 6.

Hayaƙin taba da na itace na shekara da shekaru yana yayyaga bangon 'yan jakunkunan iska, su haɗe su zama manya marasa amfani. Ƙurar dutse kuma tana sa huhun masu fasa dutse da masu haƙar ma'adini ya yi tabo, ya ƙandare. Waɗannan biyu ba su komawa yadda su ke, sai dai a tsai da ɓarna.

Wani kuma huhunsa lafiya lau, amma jininsa ya yi ƙaranci, watau kasuwa cike, jakuna ne kaɗan. Irin wannan in ciwon haƙarƙari ya same shi, wahala biyu ta haɗu.

DARASI NA 9. RIGAKAFI

Rigakafi ya fi magani. A Nijeriya an shigo da allurar nan mai haɗe da kariya biyar a 2012, ɗaya daga cikin biyar ɗin kuwa ta wata ƙwaya ce mai kawo ciwon haƙarƙari da sanƙarau. A ƙarshen 2014 aka fara ba da allurar ƙwayar da Pasteur ya gano, Nijar ma ta fara a 2014. A kan yi wa jariri yana da mako 6, da mako 10, da mako 14, sa'an nan ta ƙyanda yana da wata 9. Ka karɓi katin ɗanka ka karanta da kanka, tun da yanzu ka iya. Allura ba ta tare kowace irin ƙwaya, don haka ko an yi wa yaro, ƙidayar numfashi tana nan.

Bayan wannan, jariri ya sha nono zalla har wata 6. A yi girki a fili ko a ɗaki mai taga, kada a goya jariri a bakin murhu mai hayaƙi. Kada ka sha taba cikin ɗakin da yara ke kwana, in ka bar ta ɗungum ya fi. A wanke hannu da sabulu. Mai tari ya rufe bakinsa, kada ya tofa kaki inda yara ke wasa.

Abu ɗaya ya rage. Yau da dare, in yaranka sun yi barci, ka ɗauki agogo ka ƙidaya numfashin kowannensu yana lafiya, ka rubuta a bangon littafin nan. Ka koya wa matarka, gama ita ke tare da su in ka tafi gona ko kasuwa. Ka kuma yi mata izni tun yanzu, in ta ga alamun nan ba ka gida, ta tafi asibiti kada ta jira ka.

TAMBAYOYI

1. Me ya sa kyandir ya mutu cikin kwalba?
2. Don me huhu mai lafiya ke tasowa kan ruwa, mai ciwon haƙarƙari kuwa ya nutse?
3. Yaro mai wata 8 yana tari, numfashinsa 54 a minti. Me za ka yi?
4. Faɗi alamu 4 waɗanda ba a jiran safiya a kansu.
5. Me ya sa ƙaho da tsaga ba su warkad da cutan nan?
6. In maƙwabcinka ya ƙi a sa wa ɗansa oksijin, me za ka gaya masa?